Shuɗiyar Tukunya

Tun da Mama ta rasu, a gidanmu na Balik Pulau,
Baba ya gaji murhu kamar wanda aka bar wa bashi.
Duk Juma'a, kafin ya sa hular masallaci,
sai ya jera kayan laksa a kan tebur:
kifi huɗu masu sheƙin baya,
tsamiya jiƙe a kwano,
barkono, albasa, furen citta mai launin leɓe,
da daddawar jatan-lande
da ke kiran kyanwar maƙwabta zuwa taga.

Yana daka yana ƙirgawa,
wai ita sau arba'in take sauke taɓarya.
Ya zare ƙaya ɗaya-ɗaya, tabarau a kan hanci,
ya ɗanɗana, ya yi shiru,
ya ƙara gishiri, ya ƙara shiru.
"Suraya, zo ki ji."
In sha, in ce ya yi.
Ya ce, "Ba ki iya ƙarya ba.
Uwarki ma ba ta iya ba."

Juma'a goma sha ɗaya muna shan romon da ya kusa.
Wani tsaminsa ya kashe mana haƙora,
wani lami, kamar gaisuwar wanda ya manta sunanka,
wani ya kama, hayaƙi ya kore mu tsakar gida
muna fifita da murfin tukunya.

A ta goma sha biyu gas ya ƙare ana tsakiyar tafasa.
Baba ya daɗe yana kallon kumfa tana kwantawa.
Ya ce, "Ɗauko lema. Mu je bakin kasuwa."

Rumfar kwano, ruwan sama na kiɗa a kanta,
jajayen kujerun roba,
tebur mai guntuwar ƙafa an tokare da kwali,
fanka na juya kai kamar mai cewa a'a.
Mak Som ta dire mana kwano biyu,
taliyar shinkafa fara sol a ƙarƙashin romo,
tururi ya rufe wa Baba tabarau.

Cokali ɗaya ya kai baki.
Na biyun ya tsaya a hanya.
"Wannan na Rosnah ne," in ji shi,
"ita ta koya miki?"

Tsohuwa ta goge hannu a zane,
ta dubi ƙasa, ta dubi rufi,
dariya ta ƙwace mata ta gefen baki.
"Pak Ghazali, Allah ya jiƙanta, yau dai zan faɗa.
Shekara ashirin da uku,
kana fita masallaci tana ɓullowa ta ƙofar baya,
shuɗiyar tukunya a cikin jaka.
Romo nawa ne.
Abarba da na'ana'a, su kam ita ke yankawa."

"To dakan fa?"

"Barkono uku ne, don kunnenka."

Na zaci zai tashi.
Sai kafaɗunsa suka fara rawa,
ya yi dariya har tebur ya zame daga kan kwali,
romo ya fantsama a farar rigarsa ta Juma'a.
Ruwa na bin kumatunsa,
ya ce yajin ne, yau an cika yaji.
Mak Som ta ce, ƙwarai, hannunta ne ya zarce.
Ta ƙara masa ludayi guda, ta ƙi karɓar kuɗi.

Yanzu duk Juma'a shi ke ɗaukar shuɗiyar tukunya.
Ƙofar gaba a buɗe take, amma ta baya yake bi.
In ya dawo ni ke yanka abarba,
in tsinke na'ana'a, in yayyanka kokwamba siri-siri.
Shi kuwa ya jawo turmi tsakanin ƙafafunsa,
ya jefa barkono uku,
ya fara ƙirgawa.
Ba na cewa komai sai ya kai arba'in.