Minti Huɗu

Ƙidaya kika zo yi, 'yar nan?
Zauna kan wannan gungumen,
tsohon matashin dogo ne, ya girme ki.
Kada ki buɗe takardarki tukuna,
garin nan ba ya ƙirguwa da rana.

Da fari babu gari.
Ciyawa ce mai haɗiye sa har ƙahonsa,
da jar ƙasa mai kama diddige,
da rafi guda,
da wasu Mbum uku masu rataye amya a bishiya.
Sai ga mutanen kudu da igiya da farin fenti,
suka kafa turke, suka rubuta lamba.
Lambar ce ta fara zama a nan,
mu bin ta muka yi.

Ubana Tanko ya taho daga Tibati da wuƙa biyu,
ya ji labarin leburori masu kwana da yunwar nama.
Ya kafa tukuba inda famfon can yake.
Shekarata tara, ni ke hura wuta.
Ranar da jirgi ya fara shigowa
shanun Hamajoda suka watse, kwana uku ana kiransu.
Kakar Zaworo kuwa ruwa ta kai masa a ƙwarya,
ta ce ko wane ne shi, ya sha hanya.

Kina son iyaka? To rubuta.
Gabas, dutsen da aka ce akwai arziki a cikinsa,
tun ina da haƙora ake zuwa auna shi a tafi.
Yamma, kwari da rogo.
Arewa, Gaundare, kusa ce in jirgi ya ga dama.
Kudu, daji, daji, sannan Yawunde
wadda ba ta iya faɗin sunanmu daidai ba.
Ruwan sama wata bakwai,
har kwanon masallaci ya koyi waƙa.

Mutane kuma, da wane baki zan fara?
Akwai Gbaya a bayan rafi,
Fulani a kan tudu, rabinsu sai damina ta dawo da su.
Mu Hausawa layi ɗaya ne, daga mahauta zuwa teburin mai shayi.
Akwai Nyobe, shugaban tasha,
an turo shi na shekara biyu,
ga jikokinsa can suna faɗa da Fulatanci.
Akwai waɗanda yaƙin gabas ya koro da tabarma ɗaya,
yanzu su ke da tumatir mafi kyau.

Amma ki jira bayan isha'i.
Ƙarfe zai fara rawa kafin kunne ya ji komai,
karnuka su tashi, ƙofofi su buɗe.
Zuma a kwalba, dafaffen rogo, ƙwai, kilishi,
kowane kai da tire, kowane tire da fitila.
Minti huɗu yake tsayawa.
A cikinsu ake biyan kuɗin makaranta,
a aika wasiƙa, a karɓi gawa,
a hango fuska ta taga a yi shekara ana tuna ta.
Sai ya yi tari ya wuce,
a bar mu muna lissafin canji a duhu.

Nan za ki ƙirga mu, duk muna waje.
Ki sa da ɗana Ilu, yana dako a Duwala,
uwarsa ba ta daina ajiye masa tuwo ba.
Ki sa da mutumin da ya faɗo daga tarago
shekarar da gada ta karye,
babu takarda a aljihunsa sai goro ɗaya.
Mu muka yi masa sutura.
Shi kaɗai ne bai taɓa tambayar kuɗin tikiti ba.

Kin ji? Taɓa dogon da tafin hannunki.
Ajiye alƙalamin,
riƙe mini fitilar nan, gwiwata ba ta gudu yanzu.