Kalmar da Kakata Ta Tsinko

Asuba ba ta gama wanke ido ba
a gonakin Isparta
muka fito, ni da kakata Nebahat,
buhu ɗaure a ƙugu, raɓa har gwiwa.
Wardi ba ya jiran malalaci:
rana na taɓa shi, mansa ya gudu.

Na dawo daga Ankara, kaina cike da littafi,
ita kuwa yatsunta duk tabon ƙaya.
Ta tsinko fure ta ɗora mini a tafi,
ta ce, "Orkun, yaya sunansa?"
Na ce, "Gül."
"In mutum ya yi murmushi fa, me muke cewa?"
Na ce, "Gülümsedi."
Ta ce, "Ka ji ko? Furen na ciki.
Daga gonar nan kalmar ta fita,
ta shiga bakin mutanen birni,
ko kuɗin awo ba su biya ba."

Da na yi shiru da ya fi.
Amma ɗan makaranta da gyara
kamar akuya ce da ɗanyen ganye.
Na ce, "Ba haka malamai suka ce ba.
Gül biyu ne, kama suka yi, ba dangi ba ne.
Na fure baƙo ne, aro daga Farisa.
Ɗayan namu ne tun fil azal,
shi ne dariya.
Sai aka liƙa masa 'yar wutsiya
mai rage wa abu ƙarfi,
mai cewa kaɗan, kusan, saura ƙiris.
Murmushi dai dariya ce da ba ta ƙarasa ba."

Ba ta tanka ba.
Sai ƙas, ƙas, ƙas, ƙarar tsinka,
da kukan wani tsuntsu can gefen tsauni.
Na tuna kaka uku ke nan
tun da aka kai kakana Zühtü makwanci,
ban ƙara jin dariyarta ba,
wadda a da take firgita kajin maƙwabta.

A ƙarshen kunya ta tsaya.
Fure biyu a hannunta:
ɗaya ya baje, ganyensa na zuba,
ɗaya ya buɗe baki rabi, ya dakata.
"Wanne Cevdet mai tukunyar turare zai so?"
Na nuna na biyu.
Ta ce, "Wancan ya ba iska duk abin da ya mallaka.
Wannan ya riƙe nasa.
Je ka gaya wa malamanka,
ba kasawa dariyar ta yi ba,
ajiya ta yi."

Muka kama hanyar ma'auni, buhu a kafaɗa.
Tana tafe tana magana, ba da ni ba sosai:
"In baƙo zai tafi, güle güle muke ce masa,
sauka lafiya kana dariya.
Ranar da suka ɗauki Zühtü
na tsaya bakin ƙofa na ce masa haka,
a hankali, kada mata su ji.
Bakina bai iya duka ba.
Rabi ya iya.
Shi ne wannan da kake wa wutsiya."

Mai awo ya rataya buhu, ya rage mana kaɗan
kamar kullum.
Ta dube shi, gefen leɓenta ya ɗaga,
har haƙorinta na zinariya ya leƙo.
Ya sunkuyar da kai, ya gyara lissafi.

Yanzu ina ɗakina a Ankara.
Ƙamus a buɗe, shafin da kalmar take.
Bayanin malamai na nan daram,
ban soke ko harafi ba.
Sai dai furen da na matse a tsakiya
ya bar tabo ruwan hoda
daidai kan layin da ya ce ba dangi ba ne,
kuma shafin nan, duk sanda na buɗe,
ƙamshi yake yi.