Jar Buta a Kan Gishiri

A Colchani aka yanke mini cibiya, bakin filin gishiri,
inda ƙasa ta yi fari fat har ido ya rasa masauki.
Babana Nemesio, mai tara gishiri da shebur,
yakan ce ido baƙo ne, sai 'yan gari sun yi masa kwatance.

Ran da na cika shekara tara
ya sa ni a tsohuwar motarsa mai tari,
muka nausa har duwatsu suka koma shuɗin zare.
Ya sauke jar butar shayinmu,
ya ce, Eulalia, rufe ido, ƙirga ɗari.

Da na buɗe, ga wani jan abu can.
Ɗaki ne? Tanki ne? Ko motar wasu ce ta mutu?
Na rantse tafiyar awa ce tsakaninmu.
Taku arba'in na yi
ƙafata ta yi karo da marfin buta.

Ya yi dariya har hularsa ta faɗi.
A madafar uwarki, in ji shi,
cokali ke faɗa miki girman buta,
tebur ya faɗi girman cokali,
ƙofa kuma ta tsaya wa tebur shaida.
Nan ba maƙwabci.
Abin da ya rasa maƙwabci ƙarya yake yi,
ba da son ransa ba.

Muka zauna muna gadin buta kamar mai jinya.
Da rana ta take tsaka, inuwarta ta shige ƙarƙashinta,
sai ta zama kamar an rataye ta a iska.
La'asar sakaliya inuwar ta fito, doguwa, siririya,
ta kama gindinta ta zaunar da ita.
Na durƙusa. Gishirin da ke jikinta ya ari ɗan ja,
ita kuma ta ari fari a haɓarta,
bashin da ba wanda ya rubuta.

A watan Fabrairu ruwa ya kwanta, bai kai idon sawu ba,
sama ta sauko ta shimfiɗe a ƙasa.
Kowane tulin gishiri ya haifi tagwainsa a kife.
Tsuntsu ɗaya, wuya biyu.
Na nemi layin da ya raba sama da ƙasa,
an ɗauke.
Jiri ya kama ni ina tsaye cik,
sai da na kalli takalmin babana na dawo.

Yau shekara talatin ke nan.
Hasken da ya ci abinci a kansa ya cinye masa ido,
yana ta rufe su, fari a kan fari.
Ina zuwa daga Oruro ƙarshen wata
da magani da lemo a jaka.
Butar na nan, ta lotsa, jan ya koɗe.

Ban yi sallama ba tukuna, ya ce, Eulalia ce.
Na ce, Baba, yaya ka gan ni?
Ya ce, ban gan ki ba.
Ƙofar ce na sani, na san yawan haskenta,
sai na ga ya ragu
daidai tsawonki.