Tafintan da Aka Manta

A Ustka, bakin teku, bayan rumfar da ake banda kifi,
akwai ofis mai taga ɗaya
da kwamfutar Bogumiła mai riƙe lissafi.
Ni aka kira ranar Talata.
Na zo da jakar kayan aiki, ban ko buɗe ta ba.
Ciwon ba a ƙarfe yake ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan, in ji ta,
wani saurayi daga kamfanin takardun kwastan
ya zo, ya sha shayi,
ya ce manhajarsu ba ta jin yaren na'urar nan
sai an ɗaukar mata tafinta.
Ya sa shi. Ya danna "na yarda" sau huɗu. Ya tafi.
Kamfanin ya rufe tun jikarta ba ta yi haƙora ba.
Tafinta bai tafi ba.

Yana can ƙasa, ba hotonsa a allo,
ba albashi, ba ina kwana.
Aikinsa ɗaya:
duk wanda ya zo da yarensa,
ya juya wa na'ura, na'ura ta aikata.
Bai taɓa cewa "kai ɗan gidan wa?" ba.

Ba sakarya ba ce.
Kwaɗo biyu ne a ƙofar ofis.
Kalmar sirrinta doguwa,
sunan jirgin mahaifinta da shekarar da aka sayar da shi.
"Ban taɓa gaya wa kowa ba, Ziemowit."
Na sani. Ba su nema ba.
Da ɗan gari akan ci gari.

Da can wani ɗan akwati yakan leƙo a kusurwar allo
yana roƙon a sabunta shi.
Sau ɗaya ta amsa,
takardar kwastan ta ƙi buɗuwa,
motar kifi ta wuni a bakin get, ƙanƙara na ɗiga a kwalta,
maigida Wojtasik na ihu a waya.
Tun ranar take danna "anjima".
Wa zai ga laifinta?
Daga baya akwatin ya daina leƙowa.
Ta ɗauka an warke.
Ashe masu shi ne suka daina zuwa dubiya.

Litinin wasiƙa ta shigo
da sunan mai kawo musu gishiri, wai sabon farashi.
Ta buɗe. Ba farashi.
Baƙon ya yi magana, tafinta ya juya,
kafin ruwan shayi ya tafasa
ladan masunta ashirin da shida ya zama rubutun kaza.
Bango ya daɗe da tsagewa,
ƙadangaren ne bai zo da wuri ba.

Da na tona, uku na samu:
kaka, da ɗa, da jika,
kowane an sa shi, ba a sallami na baya ba.
Na tumɓuke su duka.
Ita kuma ta jawo durowa, ta fito da littafi mai baƙin bango
da ta shekara tana cikawa da fensir
ana mata dariya.

Ina ɗaure jaka ta ce,
"Su wa kuma ke kwana a ciki?"
Na buɗe mata jerin. Ya wuce tsawon allo.
Na san rabi.
Tsuntsayen teku na ta faɗa a kan rufi,
ni kuwa hankalina na kan tawa
da na baro a gida, a kunne.