Gilashi Mai Wuyan Zuga-zugi

A Valparaíso, ƙasan tudu, bayan kasuwar kifi,
akwai shagon da mutum biyu ke cika shi.
Don Eleuterio ya shimfiɗa ƙyalle a kan kanta,
ya jera idanun kyamara uku a hankali, kamar ƙwai.

"Wannan ba ya zaɓe," in ji shi.
"Kusurwa zuwa kusurwa, komai tangaran,
har wayar lantarki, har ledar da iska ta yar.
Dogon nan kuwa ɓarawo ne,
daga nesa yake sato fuska, ba sallama."

Na ukun wuyansa irin na zuga-zugin maƙeri.
Na taɓa, ya sunkuya. Na saki, ya miƙe.
Na ce, shi fa?
Tsohon ya hura masa numfashi, ya goge da gefen riga.
"Shi mai son kai ne. Abu ɗaya yake so,
sauran duniya ta narke, ba ruwansa.
Ba injin da zai nemo miki inda za ki tsaya.
Yatsa ne, da haƙuri."

Na biya kuɗin kwana huɗu na masauki,
na hau tsohon keken da ke jan mutane sama,
katakonsa na kuka, igiyarsa na nishi.

Ranar farko asara ce zalla.
Gidaje rawaya da shuɗi sun zube cikin juna
kamar rinin da ruwan sama ya tarar a shanya.
Na nufi jirgin ruwa, na kamo bututun hayaƙi.
Na nufi kyanwa, na samu jelarta kawai.

Rana ta biyu na fara jin yarensa.
In na tsuke ƙofar haske, wurin da ke garau ya faɗaɗa
har ya ɗauki taga da labulenta.
In na wangale ta, ya ƙanƙance,
bai fi kwabo a tafin hannu ba.
Karkata hagu, tsabtar ta gudu hagu.
Numfashi ɗaya da ƙarfi, ta ɓace.
Na koyi riƙe numfashi kamar mai zura zare a allura.

Rana ta uku, a saman matakala ɗari da wani abu,
na tarar da Doña Fresia tana shanya,
maƙalin kaya biyu a bakinta.
Na ɗaga kyamara, na tambaya da ido.
Ta ɗaga kafaɗa.

Fuskarta nake so, da tekun bayanta.
Na lanƙwasa wuyan, na daidaita, na tsaya cak,
sai wani karen unguwa ya goge ni a gwiwa.
Ƙyas.

Fuskar ta tafi, dishi-dishi.
Teku ya zama shafin shuni.
Abin da ya rage garau shi ne hannunta na dama:
jijiyoyi, tabon wuƙa a babban yatsa,
zobe da aka naɗe da zare don kada ya zame.

Na nuna mata ina jin kunya.
Ta zare maƙalan daga baki.
"Ina fuskata? Da safe na yi gyaran gashi!"
Ta yi dariya, ta ƙara kusantowa,
dariyar ta tsaya.
Ta daɗe.
"Wannan hannun mamata ne," ta ce.
"Yaushe ya zama nawa?"
Rigar da ke kafaɗarta tana ɗiga a kan silifas ɗinta,
ba ta lura ba.

Ranar tafiya na biya ta shagon.
Don Eleuterio bai nemi ganin hoton ba,
yana fama da wani ƙaramin sukurun da ya ƙi fita.
"Nawa kika zubar?"
Na ce, ɗari uku, ko fiye.
"Nawa kika ajiye?"
Ɗaya. Shi ma kare ne ya ɗauka.

Ya gyaɗa kai, bai ɗago ba.
"Ki saya masa burodi," ya ce.