Furen La'asar

A gidanmu na Bagalam, gindin randa,
Tasalla ta dasa ja.
Ni na ɗauko fari daga Jiratawa
cikin gwangwanin tumatir, a bayan keke.
Dukansu ba su buɗe ido sai an kira la'asar,
sai ka ce da ladan suka yi alkawari.

Da gashin zabuwa na lakato garin wannan
na shafa wa wancan.
Tana tankaɗe, tana dariya:
"Malamin lakwal, yau kuma fure kake ɗaura wa aure?
To ina goronmu?"

Damina ta kewayo, muka tsuguna
mu ga wa zai ka da wani.
Babu ja. Babu fari.
Ruwan hoda, tun daga zaure har bakin madafa.
Ja ya yi magana, amma da rabin murya;
fari bai ce uffan ba,
shirunsa ne ya fito a fuska.

Ta ce shi ke nan,
nono ya zube cikin zoɓo,
wa zai tsame shi?
Na ce ban sani ba.
Na dai tsince irin, baƙaƙe, masu tamoji,
na ƙulle a tsohuwar takardar jarrabawa.

Ba ta ga fitowarsu ba.
Watan da gulbi ya cika muka kai ta.

Bana ni kaɗai na zuba su.
Arba'in da uku suka tsira.
Na ƙidaya sau biyu, yadda nake wa makin yara:
ashirin da uku ruwan hoda,
tara fari fat,
goma sha ɗaya ja wur,
jan da ta dasa, ko ɗigo bai ragu ba.

Ashe ba gauraya suka yi ba.
Ɗaki ɗaya suka kwana,
kowa da ƙullinsa ƙarƙashin kai.

Na san mutum ba fure ba ne;
shekara talatin ina rubuta haka da alli.
Amma ɗiyarmu Habsu, in abu ya ba ta dariya,
a leɓe take tsayar da ita.
Jiya ɗiyar Habsu, wadda ko tsawon turmi ba ta kai ba,
ta iske ni durƙushe da gashin zabuwa,
ta jefa kai baya, ta dafe ciki,
ta sake ta gaba ɗaya.

Ban juyo ba.
Na bari sai da ta ƙare.