Ganuwar da Ba Ta San Teku Ba

Asabar ce, ruwa ya ɗauke da hantsi.
Na ɗauki baƙuwata Ekaete a a-daidaita-sahu,
muka sauka daf da Ƙofar Gayan.

Ita ’yar bakin teku ce.
Ta ce sansanin da ta taɓa gani, ruwa yake fuskanta,
gishiri na cin bakin igwa,
iska na warin kifi.
Ta ɗaga kai ta dubi jar ƙasar nan
da damina ta zaftare wa kafaɗa.
“Shi ke nan?” in ji ta.
Kunya ta kama ni kamar ni na gina.

Wani mai facin keke a gindin bangon,
Baba Jatau, ya goge hannu da tsumma:
“Ɗari biyar, in hau da ku.”
Muka bi shi, muna dafa saiwar bedi,
takalminta mai tsini na nutsewa a laka.
A can sama akuya ta riga mu,
tana tuƙa, ko kallo ba mu ishe ta ba.

“Ga gwalalo can,” ya nuna da haɓa.
Ramin ya cike da ledoji da ruwan kwaɗi.
“Kakana ya ce ƙaya ce a ciki dā,
wadda ko ɓera sai ya yi shawara.”

Ekaete ta ce in tambaye shi ina tekunsu.
Ya yi dariya har da tari,
ya miƙa hannu wajen Kufena,
inda masara ke kwantawa tana tashi
duk sanda iska ta bi ta kanta.
“Ga shi nan. Ta nan ake hango mai zuwa,
aboki ne ko akasin haka.”

Ta daɗe ba ta ɗaga wayarta ba.

Da za mu sauka ta ɓanɓari ɗan dunƙule
za ta sa a jaka.
“Mayar, ’yata,” in ji tsohon.
“Masu yin bulo sun ɗiba, ruwa ya ɗiba.
In kowa ya tafi da nasa,
me zan jingina keke da shi?”

Ni kuwa shekara talatin da ɗaya
ina wuce bangon nan safe da yamma,
ban san shi ba sai a kwatance:
in ka wuce ganuwa, ka yi hagu.

Da dare na zauna wanke takalmi.
Jar lakar ta narke a bokiti,
na rasa inda zan zubar da ruwan.